An Ceci Gumakan Fir'auna, An Bar Raunana Da Waƙa

Wannan taƙaitaccen jawabi ne da wani malami ya gabatar wa 'yan'uwa a zaman karatu, a kan waƙoƙin mutanen da madatsun ruwa suka cinye wa garuruwa.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), Malam ya fara da labarin Nubawa, al'ummar Musulmi mazauna bakin kogin Nilu a iyakar Masar da Sudan. Ya ce tsakanin 1960 da 1970 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, ruwa ya taru ya shanye ƙasar kakanninsu. An tashi mutum wajen 100,000. Na Masar aka kai su Kom Ombo, na Wadi Halfa ta Sudan kuwa a 1964 aka loda su a jirgin ƙasa sai Khashm el-Girba, ɗaruruwan kilomita daga gida.

Malam ya ce abin takaici, a daidai lokacin ƙasashen duniya a ƙarƙashin UNESCO suka zuba miliyoyin daloli, aka yanka gumakan Fir'auna Ramsis na Abu Simbel gunduwa-gunduwa, aka haura da su tudu. Masallatai da kaburburan iyaye da gonakin dabino kuwa aka bar wa ruwa.

To me ya rage wa raunana? Malam ya ce waƙa. Nubawa sun zuba sunayen ƙauyukansu da kogi da dabinonsu a cikin waƙoƙi, jikokin da ba su taɓa ganin garuruwan ba suna rerawa. Ya kawo misalin Hamza El Din, ɗan Toshka, wanda ya bi ƙauyuka yana tattara waƙoƙin mutanensa kafin ruwa ya iso. Ya ce waƙa magana ce, kuma wadda ta adana shaidar wanda aka zalunta ba abar rainawa ba ce.

Daga nan Malam ya dawo gida Nijeriya, inda madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta nutsar da tsohuwar Bussa, ta tashi mazauna tsibiran ƙasar Yawuri. Ya yi kira ga 'yan'uwa ɗalibai da su bi tsofaffin da suka ga wannan tashi, su rubuta abin da suka riƙe na waƙa da labari tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba.

Ya rufe da addu'ar Allah Ya bi wa raunana haƙƙinsu.