Amsoshin Takardunku: Dattijon Baturiya Da Bas Ɗin Da Yake Son Mayarwa Ɗaki

 

Takardarmu ta yau daga Baturiya ta fito, cikin Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma. Mai ita dattijo ne, tsohon hedimasta, shekarunsa 66, kuma ya roƙi a sakaya sunansa domin 'ya'yansa na sauraren wannan shiri. To mun sakaya, Baba Malam, ko da yake da zarar sun ji maganar bas da katifa ai sun gane mai maganar.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Ya yi ritaya, an biya shi garatuti. 'Ya'yansa sun watsu, ɗaya a Kano, ɗaya a Damaturu, mace tana aure a Zariya, autan kuma yana kasuwanci a Agege ta Legas. Jikokinsa sun fi sanin muryarsa a waya bisa ga fuskarsa. Sai wani jikan ya nuna masa hoton wata mota a waya, irin wadda tsofaffin Turawa ke saye in sun bar aiki, mai gado da murhu da makewayi a ciki. Shi ne yake so ya sayi tsohuwar Hiace, ya cire kujeru, ya shimfiɗa katifa, ya ɗauki uwargida, su yi ta zagayen zumunci. Amma fa yana da hawan jini tun shekara bakwai. Kwanan nan in ya hauro gaɓar kogi sai ya tsaya ya yi haki, da yamma kuma takalminsa kan matse shi. 'Ya'yan sun ce ba su yarda ba. Yana tambaya, wa ya fi gaskiya?

To Baba Malam, bari mu fara da motar, tunda ita ta ɗauke maka hankali. Abin da ka gani gaskiya ne, ba haɗin hoto ba ne. A Amurka akwai kamfanin Winnebago a jihar Iowa, wanda ya fara ƙera irin wannan mota mai ɗaki a 1966, har sunansa ya zama kamar sunan motar. A Jamus kuma tun shekarun 1950 ake gyara bas ɗin Volkswagen a sa mata gado da teburi, watau dai irin bas ɗin nan da dattawanmu suka sani a tasha. Idan sanyi ya shigo arewacin Amurka da Kanada, tsofaffi sukan ɗaure kaya su gangara kudu. Akwai wani ƙaramin gari a hamadar Arizona, Quartzsite, inda dubban motocin nan ke taruwa kowane watan Janairu. Har laƙabi aka yi musu, ana kiransu tsuntsayen ƙanƙara.

Wannan laƙabi kuwa mutumin Baturiya ya fi kowa gane shi. Ai a bayan gidanku tsuntsayen gaske suke sauka. Agwagin ruwa da sauran tsuntsaye sukan taso daga Turai su ƙetare Sahara su yi sanyi a dausayin Haɗeja da Nguru, in zafi ya matso su koma. Saboda su da sauran halittun wurin aka sa dajin Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Ga kuma Fulani makiyaya da ke gangarowa fadama da rani, ɗakinsu a naɗe a bayan takarkari. Saboda haka tafiya da gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sai dai ka lura, daga tsuntsun har Bafulatanin babu mai tashi don kawai ransa ya so. Lokaci suke dubawa, kuma sun san inda ruwa yake a gaba.

Abin da hoton bai nuna maka ba shi ne abin da ke bayan motar Baturen. Akwai wuraren da aka keɓe musamman, inda zai tsaya ya jona wuta, ya ɗebi ruwa, ya zubar da ƙazanta. In ƙirjinsa ya riƙe sai ya buga 911, motar asibiti ta same shi. Kai kuwa in ƙirjinka ya riƙe da tsakar dare a tsakanin wasu ƙauyuka biyu, uwargida ce kaɗai da tocila. Ga maganar tsaro, wadda ba sai na faɗa wa kowa ba: babu mai hankalin da zai ba ka shawarar kwana a gefen titi a wannan zamani. Sannan ga wani haɗari da ba a cika faɗi ba. Mutum ya rufe gilashi saboda hunturu, ya bar kaskon gawayi ko janareta a kusa, hayaƙin da ba ya wari ba ya kala sai ya cika wurin, a wayi gari ba a tashi ba. Mai ciwon zuciya ya fi kowa saurin faɗuwa a wannan.

Kuɗin ma abin dubawa ne. Garatuti sau ɗaya ake biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane direba ya san abin da tanki ke ci, tsohuwar mota kuma kullum tana wurin makaniki. Maganin hawan jini ba ya ƙarewa, kowane wata sai an saya. In kuɗin ya narke a taya da inji, da me za a je kemis? Ni a ganina, a nan 'ya'yanka sun fi ka gaskiya.

Amma inda ka fi su gaskiya, Baba Malam, shi ne zaman wuri ɗaya. Dattijon da ya shekara 35 yana tashi da asuba zuwa makaranta, ba za a ce masa ya koma kan tabarma a zaure yana ƙirga masu wucewa ba. Zaman kaɗaici da rashin motsi su ma suna cin zuciya. Ganin jika, da tattaki zuwa masallaci a wata unguwa, da hira da tsohon abokin aiki, duk magani ne da ba a sayarwa. In 'ya'yan suna saurare, to ku ji: hana shi fita ba kulawa ba ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a takardar, watau hakin nan da matsewar takalmi. Ni alli na riƙe, ba allura ba, amma wannan sanannen abu ne wurin likitoci. Idan hawan jini ya daɗe, zuciya takan yi kauri ta gaji, kamar injin ban-ruwa da ake tilasta wa turo ruwa ta toshasshen tiyo. In ta gaji sai ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu. Alamunsa su ne haki a kan ɗan ƙaramin aiki, kumburin ƙafa, da kasa kwanciya a miƙe sai an tara matashi biyu ko uku. Har ila yau, akwai maganin hawan jini irin su amlodipine da kan kumbura ƙafa shi da kansa, ba tare da zuciya ta gaza ba. Likita ne kaɗai zai raba maka waɗannan biyun. Saboda haka tafiyarka ta farko ba Legas ba ce, Babban Asibitin Haɗeja ce. A auna jini, a duba suga da ƙoda, a yi awon nan da ake manna wayoyi a ƙirji. In an ce sai an ɗauki hoton zuciya, akwai asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, akwai na Malam Aminu Kano a Kano. Ka ga ta nan ma ka fara zumuncin, ka sauka gidan ɗanka na Kano. Ka gaya wa likitan ƙarara cewa tafiya kake son yi, ka tambaye shi ko ya yarda ka riƙe sitiyari.

Masu saurare, wannan ba maganar Baba Malam kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan ɗaya ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. In aka auna ka a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama, to kana ciki, ko da kuwa kana iya noma kadada. Kuskuren da ya fi yawa a ƙauyukanmu shi ne a sha magani wata ɗaya, a ji garau, a ajiye. Hawan jini ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha na kwana uku a warke. Ranar da ka ji garau, maganin ne ke aiki.

To idan likita ya ba da izini fa? Shawarata, ka bar maganar ɗaki a mota. Baturen ya sa gado a motarsa ne don ba shi da gidan sauka a kowane gari. Kai kana da gida huɗu, da shimfiɗa da tuwo, kyauta. Ka tafi a motar haya mai kyau, ko ɗaya daga cikin yaran ya zo ya ɗauke ku. Ku tashi da safe, kada ku yi tafiyar dare. Duk bayan awa biyu ka sauko ka taka ƙasa, domin zaman da ya wuce awa huɗu ƙafa a lanƙwashe kan iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Tafiyar Legas kuwa a raba ta, a kwana Zariya, kada a yi ta a zama ɗaya.

Ka zaɓi lokaci kamar yadda baƙin tsuntsayenku ke yi. Daga Agusta zuwa Satumba kun san halin kogin Haɗeja, kun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa hanyoyi da gonaki a Jigawa. Wanda zuciyarsa ke da rauni bai kamata ya tsinci kansa a wurin da sai an shiga kwalekwale kafin a kai asibiti ba. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura 40, jiki ya bushe, mai shan magani jiri ya ɗebe shi. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, amma a rufa da kyau, don sanyi ma kan ɗaga jini.

Magani ka ɗauki wanda zai ishe ka har da rarar mako biyu, ka sa a aljihu ko jakar hannu. Kada a bar shi a gaban gilashi ko a but, zafin mota na lalata shi. Ka sa a rubuta maka sunayen magungunan da adadin da kake sha a kati, ɗaya a wurinka ɗaya wurin uwargida. In da hali ka sayi na'urar awon jini mai batir, ta damtse, ka riƙa rubuta sakamakon a littafi kamar yadda ka saba da rajistar aji. Ita ma uwargidan a auna ta, ba a cika tunawa da mata ba a wannan sha'ani. Kuma duk gidan da ka sauka, tun ranar farko a san asibitin da ya fi kusa da wanda zai tuƙa mota in dare ya yi.

Sai wata magana da zan yi da surukai da 'ya'ya mata, don na san halinku. Baba ya zo, za a yanka kaza, a zuba dunƙulen magi biyar a miya, a aiko da kilishi da tsire da yaji, da safe a dama kunun kanwa. Duk ƙauna ce, amma gishiri ce zalla. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a ciki har da na magi da na kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙar yawan kunun kanwa da gazawar zuciyar masu jego, to abin da ya wahalar da zuciyar budurwa ina ga ta dattijo? A yi masa miyar kuka ko zogale da daddawa da ɗanyen kifi, abin da ya saba da shi a bakin kogi. Goro a rage, taba da ta hanci a bari. Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a tasha, masu diclofenac ko ibuprofen, su ma suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda, kada a ba shi don ya ce gajiyar hanya. Rigimar gado da ta kishiyoyi kuma kada a tara masa a ce ga alƙali ya zo.

In kuwa ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora buhu, ciwon yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, ko kuma baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, to a nufi asibiti nan take. Kada a ce iska ce ta buge shi a tsaya turare, addu'a a yi ta a cikin mota. A irin wannan, awa ɗaya na iya raba wanda zai tashi da ƙafarsa da wanda zai kwanta.

Kafin lokaci ya cim mana, ga wata gajeruwa daga wata Hajiya mai safarar bandar kifi daga Haɗeja. Ta ce likita ya ba ta ƙwayar da ke sa yawan fitsari, shi ya sa ranar tafiya ba ta sha, don kada ta riƙa tsayar da direba fasinjoji na tsaki. Hajiya, ke da ke kan hanya kwana uku a mako, kin ga kusan rabin maganin kike zubarwa ke nan. Ki koma wurin likitan ki gaya masa yadda sana'arki take. Sau da yawa akan iya matsar da lokacin shan zuwa bayan an sauka, ko a sauya wani maganin, amma shi zai yanke, ba ke ba, ba mai kemis ba.

Baba Malam, muna jiran takarda ta biyu bayan ka dawo daga asibiti, ka gaya mana abin da awon ya nuna. Takardun Guri da Auyo da Kafin Hausa suna nan a kan tebur, su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.