Ƙahon Afirka da darasin mai ƙofa ɗaya

 

Da aka ce zan yi magana a kan Ƙahon Afirka, wani abokina ya ce mini: "Kai kuma, ana fama da tsadar shinkafa, za ka kai mu Somaliya?" Na ce masa ya yi haƙuri ya saurara, ai shinkafar tasa ma ta teku take zuwa.

In kun duba taswirar Afirka ta gabas, za ku ga ƙasa ta miƙe cikin teku kamar ƙahon karkanda. Shi ne Ƙahon Afirka. Ƙasashe huɗu ne a wurin: Somaliya, Habasha, Eritiriya da Jibuti. Ta gabas Tekun Indiya, ta arewa Tekun Aden da Bahar Maliya, ruwan da kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suke ƙetarewa daga Sudan zuwa Jidda.

Tsakanin Jibuti da Yaman akwai wani matsattsen mashigi, Babul Mandab, wato ƙofar hawaye. Faɗinsa kusan kilomita 30 ne kacal. Tun da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jirgin ruwan da ya taso daga Sin ko Indiya zuwa Turai ta gajeriyar hanya, dole ta nan zai bi. Da ƴan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023, manyan kamfanoni suka koma zagaye ta Afirka ta Kudu, ƙarin tafiyar kwana goma ko fiye. Kuɗin dako ya tashi, kuma kun san a kan wa yake ƙarewa.

To, mu dubi yadda wannan wuri ya yi da masu shi.

Jibuti ƴar ƙaramar ƙasa ce, mutanenta kamar miliyan ɗaya, ba noma sosai, ba man fetur. Abin sayarwarta shi ne mazauninta. Faransa na da sansanin soja can tun kafin ƴancin kai na 1977. Amurka na da nata, wanda a yarjejeniyar 2014 ta amince ta riƙa biyan dala miliyan 63 a shekara. Japan na nan, Italiya na nan, Sin ma ta buɗe nata a 2017, na farko da ta gina a wajen ƙasarta. Kuɗin haya na shiga, amma rashin aikin yi bai bar matasan Jibuti ba.

Somaliya kuwa ta fi kowace ƙasa da ke kan doron nahiyar nan tsawon gaɓar teku, fiye da kilomita 3,000. Da gwamnatinta ta rushe a 1991, jiragen kamun kifi na waje suka shigo ruwanta ba mai hana su, daga baya fashin teku ya biyo. Kun ga ke nan, teku ba tare da hukuma mai ƙarfi ba, gona ce ba shinge.

Sai Habasha, wadda ita ce ta fi kama da mu. Mutum fiye da miliyan 120, amma ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993. Yaƙin 1998 zuwa 2000 ya rufe mata tashar Asab. Yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na kayan da take saye da sayarwa a waje ta Jibuti suke bi. Shi ya sa ranar 1 ga Janairun 2024 Firaminista Abiy Ahmed ya sa hannu da Somalilan don samun kilomita 20 na gaɓar teku. Somaliya ta ce wannan ƙasarta ce, rigima ta tashi, sai da Turkiyya ta shiga tsakani.

Jama'a, wannan ciwon mun san shi. Daga Yamai zuwa tashar Kwatano kusan kilomita 1,000 ne. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, kowa a nan ya ji a jikinsa. Manyan motoci suka koma Lome, su ratso Burkina da rakiyar soja, kaya su yi makonni a hanya. Magani ya yi wuya, abinci ya yi tsada. Ɗanyen manmu na Agadem ma, bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ne ke kai shi bakin teku a Benin. Ba na tsaye nan don in ce wane ne mai laifi. Abin da nake cewa, mai ƙofa ɗaya ba ya barci da ido biyu rufe.

Don haka abu biyu nake roƙo mu riƙe, mu riƙa tambayar duk wanda ke mulki, na yau da na gobe.

Na farko, ƙofofi su yawaita: Kwatano, Lome, Tema, Legas, da hanyar arewa ta Aljeriya, kowace da hanya mai kyau da yarjejeniya a rubuce, yadda saɓanin shugabanni ba zai hana mai haƙuri samun magani a Tawa ko Damagaram ba.

Na biyu, duk yarjejeniyar da ta shafi ƙasarmu, ta soja ce, ta ma'adinai ce ko ta tashar jiragen ruwa, a fito da ita fili, a fassara ta cikin harsunanmu, a karanta a rediyo. Sojan Faransa sun tafi a 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024. Duk wanda zai zo bayansu, mu san nawa ya biya, shekara nawa zai yi, kuma ina kuɗin suka shiga.

Abokina mai shinkafa yana zaune can baya, ina fata ya samu amsarsa.  Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.