Tsiron hatsi da kunun yara: hira a kan ilimin biyoshimi



Yau za mu yi hira a kan wani ilimi da ake ce ma biyoshimi. Sunan baƙo ne, amma aikinsa yana cikin gidajenku. Shi ne ilimin da ke binciken yadda abubuwa ke juyawa a cikin jikin mai rai: mutum, dabba ko tsiro.

Ku gwada wannan. Ku sa ɗan burodi a baki, ku yi ta tauna, kada ku haɗiye. In an jima za ku ji zaƙi-zaƙi. Ba wanda ya sa sukari. A cikin miyau akwai wani abu da ke farfasa gasara, ya mai da ita sukari. Irin wannan abu ana kiransa anzim. Ido ba ya ganinsa, kuma kaɗan daga cikinsa yana yin aiki mai yawa.

A shekara ta 1833, a ƙasar Faransa, wasu masana biyu, Payen da Persoz, suka jiƙa sha'ir har ya tsira. Daga tsiron nan suka tace wani farin gari mai narkar da gasara, suka sa masa suna diyastaz. Shi ne anzim na farko da aka ware.

Daga nan gardama ta tashi. Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa nono ya yi tsami, a 1857. A ganinsa, yisti ma, wanda ke tada ƙullin burodi, ba ya aiki sai yana da rai. Pasteur ya rasu a 1895. Bayan shekara biyu, wani Bajamushe, Buchner, ya niƙa yisti da yashi, ya matse ruwansa, ba ƙwaya ko ɗaya mai rai a ciki. Ya zuba sukari don kada ruwan ya lalace. Sai ga shi yana kumfa! Ashe anzim ɗin da ke cikin yisti ne ke aikin, ko da yistin ya mutu. A 1926 kuma, Sumner, a Amurka, ya tabbatar da cewa wani anzim furotin ne, wato dangin abin gina jiki da ke cikin nama da wake.

To, ina amfaninmu a nan? Ku saurara da kyau, iyaye mata.

Yaro ɗan wata shida da ya fara shan kunu cikinsa ƙarami ne. In kunu ya yi kauri, ba ya iya haɗiyewa. Sai uwa ta ƙara ruwa. Yaro ya cika ciki da ruwa, ya kwana da yunwa, yana ramewa. Ni a ganina, wannan ramar ba ta rashin hatsi ba ce kullum.

Ga dabara. A wanke hatsi, a jiƙa shi dare ɗaya. A shimfiɗa shi cikin tsumma mai tsabta, a riƙa yayyafa ruwa kwana biyu ko uku har ya tsira. A shanya shi ya bushe sarai. A murje saiwa da tohon a zubar, balle in dawa ce, don tohon dawa yana da guba. Sannan a daka.

A dama kunu mai kauri. A sauke shi ya ɗan huce, don zafi mai yawa yana kashe ƙarfin anzim. A barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro, a motsa. Cikin ƴan mintoci kunun zai saki, ya yi ruwa-ruwa, alhali ba a ƙara ruwa ba. A mayar da shi wuta ya tafasa, a bari ya huce, a ba yaro. Kuma kada a daina ba shi nono.

Wanda ya iya karatu a cikinku ya karanta wa maƙwabta wannan takarda. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.