Dutsen da Ke Cikin Jaka

 Yau za mu hau keke tare da ku, mu yi yini guda a kan wata tsohuwar hanya a arewacin ƙasar Sifen.

Hanyar tana kaiwa birnin Santiyago, inda bisa ga al'adar mutanen wurin aka binne manzo Yakubu. Daga iyakar Faransa tafiyar ta kusa kilomita 800. Waɗansu da ƙafa suke yinta, waɗansu da keke. Ba a ba mai keke takardar shaida sai ya tuƙa aƙalla kilomita 200.

Mu ɗauka yau mun kwana a birnin Leyon, muna so mu kai Ponferrada kafin rana ta faɗi, tafiyar kilomita 100 da ɗoriya. Da asuba muka ɗaura kaya a kariya, muka duba taya da birki, muka kama hanya. Zuwa Astorga, wajen kilomita 50, tafiya da sauƙi. Amma daga nan sai hawa. Cinya ta fara zafi, sirdi ya zama kamar ƙaya, ruwan gora ya ƙare. Rigar da muka ce ba ta da nauyi da safe, yanzu mun san da ita. Ga kuma dutse a cikin jakar kowannenmu, gama al'adar hanyar ce matafiyi ya ɗauko dutse tun daga gidansu.

Can bisa tudun, wajen mita 1,500 sama da teku, akwai dogon itace da ƙaramin gicciye na ƙarfe a kansa. A gindinsa duwatsu ne tuli. Nan kowa yakan ciro nasa ya ajiye, ya wuce.

'Yan'uwa, mun sani dutse ba ya ɗauke zunubi, ƙarfe kuma ba ya ceto. Wanda aka gicciye, ya kuma tashi, shi ne Mai Ceto. Amma abin yana tuna mana da kanmu. Mu nawa ne muke hawan tudun rayuwa da dutse a zuciya? Wani ya shekara goma bai gai da ɗan'uwansa ba saboda gonar gādo. Wata tana riƙe da maganar da aka faɗa mata a zumuntar mata. Wani kuwa zunubin da ya ɓoye ne yake hana shi barci. Muna zuwa sujada da shi, mu koma gida da shi. A cikin Matiyu 11:28 Yesu ya kira masu gajiya da masu nauyin kaya su zo wurinsa su huta. Me ya sa za mu kai gindin gicciye mu sāke juyowa da kayanmu?

To, yinin bai ƙare ba. Bayan gicciyen akwai gangara mai tsawo, mai kwana-kwana, ta kusan mita 1,000 zuwa Ponferrada. Feda ta huta, iska tana kaɗa mu, zuciya ta ce a saki birki. A ƙauyen El Acebo akwai keke na ƙarfe da aka kafa don tunawa da wani Bajamushe wanda ya rasu a gangarar a shekarar 1987. Ya gama hawan lafiya, a saukowa ne ajali ya same shi.

Haka yake a gare mu. Lokacin ciwo da rashi mukan riƙe addu'a da hannu biyu. Amma in rumbu ya cika, albashi ya ƙaru, sai mu saki birki. Manzo Bulus ya gargaɗi mai tsammanin yana tsaye ya yi hankali kada ya fāɗi, a 1 Korantiyawa 10:12. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Saboda haka kada mu kwanta yau da dutsen nan. In akwai wanda za mu nemi gafararsa, mu tafi tun da sauran rana.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka karɓi nauyin da muka daɗe muna ɗauke da shi. Ka ƙarfafa mu a hawa, ka tsare mu a gangara, har mu kai masauki lafiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.