Mai Ciwon Daji A Gidajenmu: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya



Tun da aka buɗe Asibitin Ƙasa a nan Abuja cikin 1999, gidajenmu na Garki da Nyanya da Kubwa suka zama masaukin 'yan'uwa daga Kano da Katsina masu zuwa jinyar ciwon daji. Likita ya sa musu ruwan maganin da ake kira kemo, a sallame su, sauran wahalar kuwa a ɗakunanmu ake shan ta. To, nan ne aikinmu yake.

Mu fara da tashin zuciya. Ƙamshi da ƙauri na tayar da shi, don haka a ɗauke turaren wuta, a yi suya nesa da ɗakinsa. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, bayan ya huce. Citta ma tana taimakawa. A wani bincike da Jami'ar Rochester ta Amurka ta fitar a 2012, kan majinyata 576, rabin giram zuwa giram ɗaya a rana ya rage tashin zuciya. Amma fa tare da maganin amai na asibiti suka sha, ba a madadinsa ba.

Gyambon baki kuwa, a riƙa kurkurewa da ruwan gishiri mai ɗumi, a bar yaji da tsami. Tsotson ƙanƙara na minti 30 lokacin allurar 5-FU yana rage gyambon, sai dai akwai nau'in kemo da sanyi ke ƙara wa illa, saboda haka a tambayi likita tukuna. Kasala kuma, ɗan tattaki da yamma ya fi kwanciya yini guda.

Sai maganar da ta fi mana nauyi, wato dubiya. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, ƙwayoyin jinin da ke kare jiki sun yi ƙasa ƙwarai. Daidai lokacin ne muke cika ɗaki, wannan da mura, wancan da tari, ga fura da nonon da ba a dafa ba, ga gorar jiƙo wai daga gida aka aiko. Zumunci ne, mun sani, amma yana iya kwantar da mutum. Mai mura ya gaisa ta waya, mai shiga ya wanke hannu da sabulu, jiƙo kuma kada a ba shi sai likita ya sani.

In zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, kada a tsaya ba shi farasitamol ana jiran gari ya waye. Ko da tsakar dare ne, a nemi mota a kai shi asibiti.