Wa ke riƙe da makullin dosiyenka a biro?



Ko a ƙungiya kake aiki, ko a kamfani, ko a wata ma'aikata, muddin kwamfutocin wurin a haɗe suke da sarba, wato babbar kwamfutar da ke ajiyar komi, akwai dosiye mai sunanka a cikinta. Rahotanninka, lissafin kuɗi, sunaye da lambobin mutanen da kuka yi aiki da su, duk suna can. To, ban da kai, wa ya kamata ya iya buɗe shi?

Ni dai a ganina, mai kula da rezo, wanda muke ce wa informatisiyan, dole ya samu hanyar shiga. Mutum zai goge takarda da kuskure ya roƙi a maido mashi. Faifan ajiya zai cika, sai an kwashe kaya zuwa sabo. Abokiyar aiki za ta kwanta ciwo, rahoton da ake jira gobe yana cikin dosiyenta. Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda za a ba shi wannan hanya ba tare da an tsayar wa kowa da aiki ba, ba kuma tare da an ci amanar kowa ba.

Mu fara da abin da ke ɓata aiki. A Windows, lokacin da ake karkatar da dosiyoyin ma'aikata zuwa sarba, akwai wani ɗan akwatin zaɓi da ke ba ma'aikaci shi kaɗai iko a kan dosiyensa, kuma a kunne yake zuwa. In aka bar shi haka, mai kula da rezon kansa in ya taɓa dosiyen, "Accès refusé" zai gani. Ranar da aka matsu, sai ya bi gajeruwar hanya, ya ƙwace mallakar dosiyen ya sa sunansa. A nan ake samun ɓarna. In dosiyen na furofil ne, wato wanda ke ɗauke da tsarin allonka yana bin ka duk kwamfutar da ka hau, Windows kan duba mai shi kafin ya buɗe. In ya ga ba kai ba ne, ba kuma rukunin masu kula ba ne, sai ya ƙi, ya ba ka furofil na wucin gadi. Ka zo da safe ka tarar allonka wayam. Abin da ya fi ciwo, duk abin da ka ajiye a kan wannan allon yana tafiya da zarar ka fita. Aikin wuni guda ke nan.

Gyaran kuwa tun daga tushe ake yin shi. A babban dosiyen da ya ƙunshi na kowa, a ba rukunin masu kula cikakken izini, wanda duk dosiyoyin ƙasa za su gada. Ma'aikata a ba su damar buɗe sabon dosiye a nan kawai, kowa ya zama mai iko da wanda ya buɗe, bai ganin na maƙwabcinsa. Sannan a kashe wancan akwatin. Furofil ma akwai tsarin da ke saka rukunin masu kula a ciki kai tsaye. Amma fa ku lura: waɗannan duka sabbin dosiyoyi suke shafa, tsofaffi suna nan yadda suke.

Su tsofaffin sai a bi a hankali. A fara da ajiye kwafin kaya da na izinin da ke kansu. Umarnin icacls na iya adana izini a fayil, a maido shi in abu ya kwaɓe. A gwada da asusu guda kafin a taɓa na kowa. A yi aikin bayan an tashi, a kuma sanar da mutane tun da wuri. A ƙara izinin rukunin a kan wanda yake nan, kar a shafe na mai dosiye. In ta kama sai an ƙwace mallaka, a maida ta ga mai ita kafin gari ya waye.

To, kun ga na'ura ta buɗe ƙofa. Saura amana. A 2013 Edward Snowden, wanda ya yi aikin kula da kwamfutoci wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ya fitar da tarin takardun sirri. Kowa da ra'ayinsa a kan abin da ya yi, amma in haka ta faru a NSA, ina ga ƙaramin bironmu? Shi ya sa na ce rukuni za a ba izini, domin ranar da mutum ya bar aiki a cire sunansa a wuce wurin. Rukunin ya tsaya a mutum biyu ko ukku. Kowanensu ya kasance da asusu biyu, na aikin yau da kullum da na kulawa, kuma kar a yi tarayya a kalmar sirri. A kunna rajistar da ke rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, wani dabam ya riƙa duba ta. A kuma rubuta ƙa'ida a takarda: yaushe ake shiga, wa ke ba da izini, yaushe ake faɗa wa mai dosiye.

Kar mu manta, tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, an kuma kafa hukumar HAPDP don ta sa ido a kai. Matar da ta ba ku sunanta da lambarta a ƙauye ba ta san sarba ba, ku ta amince wa.

Don haka in kun koma aiki, ku tambayi shugabanninku cikin ladabi: su wa ke iya buɗe dosiyena, ana rubuta shigarsu, kuma za a faɗa mani in an shiga? Ku kuma ƴan uwana masu kula da rezo, ku amsa tun kafin a tambaye ku. Hotunan iyali da takardun kanku kuwa, ku bar su a wayarku, kar ku ɗora su kan sarbar wurin aiki.