Gayyar da Ba a Dafa Mata Tuwo: Godiya da Haɗin Kai a Wikipedia ta Hausa

Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu mazaunin Ingila ya gabatar a taron shekara na reshen Landan

 

Da sakatare ya kira ni ya ce in yi magana, na ce masa ni ba malami ba ne, ba kuma ɗan jarida ba. Ya ce ai ya sani, amma an gaya masa idan na taso daga aiki da dare ba na kwanciya sai na ɗan taɓa rubutu a Wikipedia ta Hausa, don haka in zo in faɗa wa mutane abin da nake samu a ciki. To, kuɗi dai ba na samun ko kwabo, kuma Wikipedia ba ta biyan editoci don su rubuta muƙala. Abin da ke riƙe mu shi ne zan yi magana a kai.

'Yata ce ta jefa ni cikin wannan harka. An ba su aikin gida a makaranta, kowane yaro ya rubuta wani abu game da garin iyayensa. Ta ɗauki waya ta nemi sunan garinmu, sai ga layi biyu da Turanci: sunan jiha da adadin mutane. Da Hausa kuwa babu komai. Ta dube ni ta ce, "Baba, garin naku ba a san shi ba ne?" Daren nan ban yi barci ba. Na buɗe asusu, na zauna na zuba duk abin da ke kaina: kasuwarmu da ranar da take ci, sarakunan da na ji kakata tana lissafawa, rafin da muka yi wanka muna yara, har da cewa babu garin da ya kai namu iya kilishi. Na kwanta ina jin na yi wa gari hidima.

Da na duba bayan kwana biyu, an share fiye da rabi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wane ne wannan da bai taɓa shan ruwan garinmu ba zai goge mini tarihin kakata? Har na fara rubuta masa baƙar magana, sai na lura ya riga ya bar mini saƙo a shafina na tattaunawa. Ya fara da sallama, ya yi mini maraba, ya ce ya ji daɗi da aka sami wanda ya fara muƙala a kan wannan gari, domin ya daɗe yana ganin gurbinta. Sa'an nan ya bayyana mini cewa a nan ba a rubuta abu don kawai mutum ya san shi, sai an nuna littafi ko jarida ko wata madogara da wani zai iya dubawa ya tabbatar. Ya ce maganar kilishi ra'ayi ne, ko da gaskiya ce. Ya kuma nuna mini cewa abin da na rubuta bai ɓace ba, yana nan a tarihin shafin, in na samo madogara sai mu mayar tare. Kalmar "tare" ɗin nan ita ta sanyaya mini zuciya. Laifin nawa ne, ban karanta ƙa'ida ba na hau rubutu. Amma da gogewa kawai ya yi ya wuce, wallahi da ban sake komawa ba, kuma da yau wani ne ke tsaye a nan.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba: Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairu, 2001. Yau tana fita a harsuna fiye da 300. Ta Turanci ta haura muƙala miliyan 6, tamu ta Hausa kuwa tana lissafin dubbai ne, ko da yake ta yi tsalle sosai a 'yan shekarun nan saboda ƙoƙarin matasa a gida. Akwai gidauniya a Amurka, Wikimedia, mai kula da na'urori da tara gudummawa, amma ba ita ke rubutu ba. Ɗalibai ne, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, kowa da katin datarsa da lokacinsa. Kuma muƙala ba ta ɗauke da sunan kowa a samanta. Ka yi wata guda kana wahala a kanta, mai karatu ba zai taɓa sanin kai ne ba.

Mu da muka tashi a karkara mun san irin wannan aiki, sunansa gayya. Sai dai gayyar gida tana da tuwo da fura, da makaɗi yana zuga gwanayen noma, ga 'yan mata suna guɗa. Kana ganin wanda ke kunyar da ke kusa da taka, yana ganinka. Wannan gayyar kuwa kowa na ɗakinsa shi kaɗai, wani a Kano, wani a Maraɗi, wani a Kumasi, ni a nan cikin sanyi. Babu tuwo, babu kiɗa. Dole aka ƙirƙiro abin da zai tsaya a madadinsu.

Na farko shi ne wani ɗan hoton tauraro da edita ke liƙa wa ɗan'uwansa a shafinsa, haɗe da 'yan kalmomin yabo. Da Turanci suna ce masa barnstar, wato tauraron rumbu, kuma ya shigo Wikipedia a ƙarshen 2003. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne asalin sunan. Manoman Amurka na da suna da al'adar taruwa su ɗaga wa maƙwabci rumbu a yini guda, daga nan aka aro tunanin. Ashe su ma gayyar suka tuna. Tauraron ba ya sayen ko ƙulli ɗaya na gyaɗa, kowa na iya ba kowa, babu kwamiti, babu biki. Na biyu kuma a 2013 aka ƙara wani ɗan maɓalli a gefen kowane gyara. Ka danna shi, saƙo ya je wa mai gyaran cewa wane ya gode maka. Shi ke nan.

Za ku ce wannan ai wasan yara ne. Ni ma haka na ɗauka. Amma wasu masu bincike biyu a jami'ar Stony Brook ta Amurka, Michael Restivo da Arnout van de Rijt, sun gwada shi, suka buga sakamakon a 2012. Sun zaɓi editoci 200 daga cikin mafiya ƙwazo a Wikipedia ta Turanci, suka ba rabinsu tauraro ta hanyar ƙuri'a, suka bar rabi haka nan, suka sa ido na kwana 90. Waɗanda aka ba tauraro aikinsu ya fi na sauran da kashi 60 cikin ɗari. An yi makamancin wannan gwaji da sababbin shiga a Wikipedia ta Jamusanci, nan ma aka ga waɗanda aka yaba wa sun fi dawowa. A ɗaya gefen kuma, yawan editoci masu aiki a ta Turanci ya kai ƙololuwa a 2007 sa'an nan ya fara raguwa, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa babban dalili shi ne yadda ake goge aikin sababbin shiga cikin gaggawa, sau da yawa da saƙon na'ura ba na mutum ba. Su masu dubban editoci sun ji a jikinsu. Ina ga mu, da idan mutum biyar suka yi fushi suka tafi sai an ga giɓin?

Kada ku ɗauka zaman lafiya ake kullum. Ana saɓani, wani lokaci a kan abin da zai ba ku dariya. Ɗan Nijeriya zai rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama, ɗan Nijar ya zo ya mayar da shi ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, kowa kuma da gaskiyarsa, domin haka aka koya masa a makaranta. Za a sa Zariya ne ko Zaria? Damagaram ko Zinder? Basakkwace ya rubuta kalma, Bakano ya ɗauka kuskure ne ya gyara. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar na'ura. Idan ana gasar rubutu mai kyauta, sai wasu su kwaso muƙalar Turanci su zuba wa na'ura, su liƙa abin da ta amayo ba tare da sun karanta ba. Kalmomin na Hausa ne, amma ko kakarka ba za ta gane abin da ake nufi ba. Wani ne kuma zai zo daga baya ya zauna yana warware jimla ɗaya bayan ɗaya.

Waɗannan masu sharar su ne na fi so mu tuna. Wanda ya ƙirƙiri sabuwar muƙala ana ganin adadinsa, shi ke cin gasa. Amma mai bi yana sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, mai gyara mahaɗin da ya mutu, mai korar masu ɓarna da tsakar dare, babu mai ƙirga nasa. Akwai wata baiwar Allah, ban san sunanta na gaskiya ba, ban san garinsu ba, wadda kusan duk abin da na rubuta sai ta biyo ta daidaita mini rabin kalmomi, domin Hausata ta boko ta yi tsatsa a ƙasar nan. Da farko kunya nake ji, kamar ana bin bayana da jan biro. Daga baya na gane cewa ita ce kaɗai nake da tabbacin ta karanta rubutuna daga farko har ƙarshe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ranar da na liƙa mata tauraro, ta amsa da cewa shekararta uku tana wannan aiki, ni ne na farko da ya tanka mata. Shekara uku, jama'a. Na ji nauyi, domin ni ma na yi wata da watanni ina cin moriyarta ban ce uffan ba.

Bari in koma kan muƙalar garinmu, domin a nan ne ku kuka shigo. Mutumin da ya goge mini rubutu ya ce in nemo madogara. A nan na gane cewa zama a waje yana da wata riba da ba mu amfani da ita. Da yawa daga cikin abin da Turawa suka rubuta a kan ƙasarmu yana nan kusa da mu: ɗakin karatu na SOAS a tsakiyar Landan, da British Library, da ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na je, na sami sunan garinmu a wani tsohon littafin bayanin larduna na zamanin mulkin mallaka, da jerin hakimai wanda ya yi daidai da na kakata, in ban da suna ɗaya da aka sauya wa wuri. Ban ce duk abin da Bature ya rubuta gaskiya ne ba, sau da yawa ta bakin tafinta ya ji, kuma da manufarsa. Shi ya sa ake buƙatar ɗaya hannun. Wani ƙanena a gida ya samo kundin digiri da wani ɗan gari ya rubuta a jami'a, ya ɗauko mini hoton shafukan. Wani ya je kasuwa ranar da take ci ya ɗauki hotuna ya ɗora a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da duk harsuna ke ɗiba. Shi kuma editan nan da na so in zaga ya tsara komai ya sa manazarta a ƙasa. Mu huɗu, ba mu taɓa zama a ɗaki ɗaya ba. Daga baya wani ya ɗauki abin da muka haɗa ya ƙara a shafin Turanci. Maganar kilishi dai har yau ba ta koma ba, ban sami littafin da ya goyi bayana ba.

Akwai inda ƙa'idar madogara ke cutar da mu, kuma ba zan ɓoye ba. Tarihinmu da yawa yana bakin tsofaffi ne, ba a takarda ba, kuma tsofaffin suna tafiya. Wikipedia ba za ta karɓi "kakata ta ce" ba. Amma za ta iya karɓar abin da aka tattara aka tace aka buga. Idan 'yan gida suka zauna da dattawa suka naɗi maganarsu, malamanmu na jami'a suka tantance suka fitar da littafi, to an sami abin dogara. Kuɗin buga ɗan ƙaramin littafi bai kai abin da muke kashewa a abincin taro irin na yau ba. Ina roƙon shugabanni su sa wannan a ajandar zama na gaba.

Ga iyaye mata da ke cewa ba su iya kwamfuta ba: kunnenku ake nema. Ku sa yaro ya karanta muku muƙala a waya, duk inda kuka ji Hausar ta karkace ku faɗa, shi ya gyara. Yaron ya koyi Hausa, muƙala ta miƙe. Ga matasanmu da aka haifa a nan, masu jin kunyar Hausarsu, ku zo da Turancinku da iya bincikenku, a haɗa ku da wani a gida mai Hausa a baki. Wanda kuma ya shiga ya ga an goge masa rubutu, kada ya yi irin tawa, ya fara duba shafin tattaunawa tukuna. In wani ya gyara maka ko da harafi ɗaya ne, maɓallin godiya na nan a tarihin shafin, kusa da sunansa.

Asabar ta farko a wata mai zuwa, bayan azahar, zan kasance a wannan zaure da kwamfutoci biyu. Muƙalar makarantar firamaren garinmu za mu fara, don haka duk mai tsohon hoto ko takardar da ke nuna shekarar da aka buɗe ta ya taho da ita, 'yan gida kuma su aiko ta hannun sakatare.